Wanda Ya Daɗe Ko Wanda Ya Iya?

Cikin dukan gardandamin da a kan yi a ofisoshin gwamnati, babu wadda ta kai ta ƙarin girma zafi, babu kuma wadda ta kai ta ɓata zumunci. Ga yadda ta kan taso. Wani babba ya yi murabus ko ya rasu, gurbinsa ya samu, ga kuwa mutum biyu a ƙarƙashinsa. Ɗaya ya shekara 20 yana aiki, ya yi furfura a bakin teburinsa, ba a taɓa kama shi da wani laifi ba. Ɗayan bai wuce shekara 10 ba, amma kowa ya shaida kansa ya fi ja, aikinsa ya fi tsabta. In aka ba na fari, samari su ce an kashe musu zuciya. In aka ba na biyu, dattawa su ce an ci mutuncin furfura. To, jama'a, wa ya kamata a ba?

Mu da mu ke koyon aikin malanta, wannan magana ba ta wasu ba ce. Nan gaba kaɗan za mu fita, mu tarar da waɗanda suka riga mu shiga aiki tun muna goye. Da ya ke yau mu ne ƙanana, zuciyarmu ta fi karkata ga cancanta, domin ita ce ke nuna mana gajeriyar hanya. Amma fa in Allah ya ja kwana, mu ne dattawan gobe, ran nan kuwa sai mu ji daɗewa ta fi daɗin ambato a baki. Saboda haka gara mu auna maganar tun yanzu, mu nemi hukuncin da za mu yarda da shi muna da shekara 22, mu kuma yarda da shi muna da 55.

Mun taso da koyarwa iri biyu, kowace kuwa gaskiya ce. A gida an hore mu da girmama na gaba. Ba mu sa hannu a akushi kafin babba, ba mu zama a kan tabarma yana tsaye, an kuwa sha gaya mana abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma a makarantar allo mun ga wani tsari dabam. Can wanda ya fi nisa a karatu shi ke biya wa na baya, ko da wanda a ke biya wa ya girme shi nesa ba kusa ba, ba wanda ya kan ce an yi rashin ladabi. Sa'ad da muka shiga littattafan fiƙihu kuma, muka tarar a babin limanci an sa ilmi gaba, ba a komawa ga shekaru sai in mutane sun yi kunnen doki a ilmi. Abin lura shi ne waɗannan koyarwa biyu ba su taɓa karo ba. Yaron da ya biya wa gardi karatu da safe, shi ne zai miƙa masa buta da azahar. Girmamawa tana da wurinta, ɗaukar nauyi yana da nasa. A ofis ne kaɗai aka haɗa su a kan kujera guda, shi ya sa a ke faɗa.

Tsarin ofis da mu ke bi a ƙasar nan daga Ingila ya zo mana, gardamar ma tare da shi ta zo. Ya kamata ke nan mu leƙa can, mu ga yadda ta kasance tsakanin masu abin.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, ba a shiga aikin gwamnatin Ingila sai da sanayya. Wani babba ya yi wa yaro hanya, a ba shi teburi, ya yi ta kwafar wasiƙu shekara da shekaru, in na gabansa ya gusa shi ma ya gusa. Ana nan sai Gladstone, wanda ke riƙe da baitulmalin ƙasar a lokacin, ya sa mutum biyu su bincika al'amarin, watau Charles Trevelyan, babban ma'aikacin baitulmali, da Stafford Northcote. Suka gama rahotonsu a watan Nuwamba 1853, aka buga shi a 1854. Ɗan ƙaramin rahoto ne, amma ya yi zafi. Suka ce aikin gwamnati ya zama mafakar malalata da waɗanda suka kasa a wasu sana'o'i, domin kowa ya san ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, lokaci ne zai ɗaga shi. Suka ba da shawara a riƙa ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, a kuma riƙa ƙarin girma bisa cancanta.

Mutane da yawa nan su kan tsaya, su ce rahoton ya kori daɗewa. Ba haka ba ne. Masu rahoton sun raba abu biyu. Ƙarin albashin da a kan yi kowace shekara cikin daraja guda, suka ce wannan ladan hidima ne, a ba kowa, muddin shugabansa ya shaida yana zuwa aiki a kan lokaci, aikinsa kuma ya gamsar. Amma hawa daga wata daraja zuwa ta sama, wannan sai wanda ya fi dacewa. Sun kuwa san abin da ma'aikata ke tsoro, watau kada cancanta ta zama rigar da son kai zai saka. Saboda haka suka gindaya sharuɗɗa. In gurbi ya samu, a kawo sunan mutum aƙalla 3 daga na gaba-gaba a darajar ƙasa, kowa da bayanin aikinsa a rubuce. Kowane ofis kuma ya ajiye littafi, a riƙa shigar da ranar da mutum ya kama aiki, da duk abin da aka taɓa rubutawa a kansa, na yabo ko na zargi. A 1855 aka kafa hukumar jarraba masu neman aikin gwamnati, a 1870 kuma aka buɗe ƙofar yawancin ofisoshi ga duk wanda ya ci jarrabawa.

Cikin waɗanda suka ƙi wannan sabon tsari akwai wani ma'aikacin gidan waya, Anthony Trollope, wanda duniya ta fi sani da rubuta littattafan hikaya. An haife shi a 1815, ya shiga gidan waya na Landan a 1834 a kan albashin fam 90 a shekara, ta hanyar wata ƙawar mahaifiyarsa. Jarrabawar da aka yi masa ita ce ya kwafi 'yan layuka daga jarida. Ya ɓata takardar da tawada da kurakurai, amma duk da haka aka ba shi teburi. Shi da kansa ya faɗa cikin tarihin rayuwarsa cewa shekarunsa 7 na fari ba su amfane shi ba, ba su kuma amfani gwamnati ba. A 1841 aka tura shi Ailan, can ne ya zama wani mutum dabam. Ya riƙa yawo a kan doki yana tsara hanyoyin kai wasiƙu ƙauyuka, wani lokaci mil 40 a yini. Shi ne ya ba da shawarar kafa akwatunan ƙarfe na jefa wasiƙa a bakin hanya, aka fara da tsibirin Jersey a 1852. A 1858 aka aike shi Masar ya ƙulla yarjejeniyar wucewa da wasiƙun Indiya. Da a ce an yanke masa hukunci da jarrabawar ran fari, da Ingila ta yi hasarar ma'aikaci nagari. Wannan ya sa bai yarda da jarrabawa ba, ƙarin girma bisa cancanta kuwa ya ƙi shi ƙwarai, yana ganin hanya ce ta zaluntar mutanen kirki waɗanda ba su iya tallar kansu ba.

Sai ga shi abin ya faɗo a kansa. A 1864 Rowland Hill, wanda ya kawo kan sarki na kwabo ɗaya a 1840, ya sauka daga matsayin sakataren gidan waya. John Tilley ya gaje shi, gurbin mataimakin sakatare ya samu. Trollope ya nema. Yana da shekara 30 a aiki, Tilley kuwa surukinsa ne, don ya auri 'yar'uwarsa. Duk da haka aka tsallake shi, aka ba Frank Scudamore, wanda Trollope ya girma da shekara 8, ya kuma riga shi shiga aiki. A 1867 Trollope ya ajiye aiki, ya bar fanshonsa, domin bai kai shekara 60 ba.

Abu biyu ya kamata mu lura da su cikin abin da ya rubuta daga baya. Na fari, ba kuɗi ya sa shi nema ba. Ya ce ƙarin albashin ba zai wuce fam 400 a shekara ba, abin da zai rasa na rubutu kuwa ya fi haka. Abin da ya ci masa rai shi ne na baya ya hau kansa. Na biyu, bai zagi abokin takararsa ba. Ya yarda Scudamore ya fi shi sanin lissafi da sarrafa kuɗi, sai dai yana ganin shi ya fi sanin aikin ma'aikata da albashinsu. Wannan adalci daga bakin wanda aka kayar abin koyi ne.

To, shi wanda aka zaɓa fa? Lalle Scudamore ba ɗan gaban goshi ba ne kurum. Yana cikin waɗanda suka kafa bankin ajiya na gidan waya a 1861, inda talaka ke iya ajiye ɗan abin da ya samu. Shi ne kuma ya jagoranci karɓar wayar tangaraho daga hannun kamfanoni zuwa hannun gwamnati a 1870, aka mai da kuɗin saƙo sule ɗaya a kalma 20, ko'ina cikin ƙasar. Amma saurin da ya ɗaga shi, shi ya kā da shi. A 1873 aka gano ya kashe kimanin fam 800,000 wajen shimfiɗa wayoyi ba tare da izinin Majalisa ba, wani sashe ma daga kuɗin masu ajiya. Bai sa kwabo a aljihunsa ba, amma ya tsallake doka, har abin ya ci kujerar ministan gidan waya. A 1875 ya yi murabus, ya tafi ya yi wa Daular Usmaniyya aikin gyaran gidan wayarta, ya rasu can a 1884.

Wani zai ce, ai ga shi nan, da an ba dattijo da ba a yi wannan ɓarna ba. Wani kuma ya ce, da an ba dattijo da ba a sami tangaraho mai araha da wuri ba. Mu dai ba mu ga wannan labari ya ba ɗaya gefe gaskiya duka ba. Abin da muka gani a ciki uku ne.

Na ɗaya, cancanta ba iri guda ba ce. Mutanen nan biyu duk gwanaye ne, kowa da fanninsa. Kafin a ce wane ya fi wane, sai an fara faɗin abin da kujerar ke bukata, lissafi ne ko riƙon mutane, a kuwa faɗe shi tun ba a san masu nema ba. In aka bari sai an ga fuskoki sa'an nan a yanka ƙa'ida, to, an ɗinka rigar ne daidai jikin wanda a ke so.

Na biyu, daɗewa tana da wata falala guda wadda cancanta ba ta da ita, watau ana iya ƙirga ta. Ranar kama aiki tana rubuce, ba ta bukatar shaida, ba ta karɓar gaisuwa. Cancanta kuwa sai wani ya faɗa, mai faɗin nan kuma ɗan Adam ne, yana da 'yan'uwa da abokai da waɗanda ke yi masa fadanci. Shi ya sa duk inda ma'aikata suka daina amincewa da shugabanninsu, sai su rungumi daɗewa, ba don sun ɗauka furfura ilmi ce ba, sai don ita kaɗai ce ma'aunin da ba a iya danne wa hannu. Wanda ya ga dattijo yana kare layi, kada ya yi saurin kiransa malalaci. Wataƙila ya ga abin da ya gani ne. Wanda ke son a bi cancanta, aikinsa na fari shi ne ya gyara mudu.

Na uku, hawan gwani ba ya ɗauke bukatar tsaro. Wanda aka gaya wa ya fi kowa, ya kan fara ganin doka ta mutanen baya ce. A nan ne amfanin waɗanda suka daɗe ya ke, domin su ne suka san dalilin da ya sa aka kafa kowace ƙa'ida. Ofishin da ya ɗaga saurayi ya kuma toshe bakin dattawansa, ya ɗaura wa doki mai gudu sirdi ba linzami.

Wannan rabo tsakanin lada da nauyi ba sabon abu ba ne gare mu. Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, wanda ya yi halifanci daga 634 zuwa 644, sa'ad da ya kafa diwanin rabon dukiya, ya bi rigaye ne. Waɗanda suka riga shiga Musulunci suka fi samun rabo, mutanen Badar aka yanka musu dirhami 5,000 a shekara. Amma a majalisar shawara ya kan shigo da Abdullahi ɗan Abbas, yana saurayi, ya zaunar da shi tare da dattawan Badar. Abin bai yi wa wasunsu daɗi ba, suka ce su ma suna da 'ya'ya sa'o'insa. Umaru bai yi fushi ba, bai kuma ce ai ni ne shugaba ba. Ran nan ya tara su, ya tambaye su ma'anar Suratun Nasri. Wasu suka ce umurni ne da godiya da neman gafara in an sami nasara, wasu suka yi shiru. Ya juya ga yaron, shi kuwa ya ce sanarwa ce ta kusatowar ajalin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Umaru ya ce shi ma abin da ya sani ke nan. Dubi yadda ya yi. Bai rage wa dattawa dirhami ɗaya ba, bai kori yaro don a zauna lafiya ba, hujjarsa kuma a bainar jama'a ya kafa ta, a gaban waɗanda suka yi ƙorafin.

A ƙasarmu ma an yi ta neman wannan daidaito. Hukumar Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta miƙa rahotonta a 1974, ita ta jera ma'aikata mataki na 1 zuwa na 17, ta kuma nemi a bar rahoton asiri, ma'aikaci ya riƙa ganin abin da shugabansa ya rubuta a kansa. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuma sun yanka shekarun da mutum zai yi a mataki kafin a duba shi don ƙarin girma, shekara 2 ga na ƙasa, 3 ga na tsakiya, 4 ga na sama. Watau daɗewa ce ke kawo mutum bakin ƙofa, cancanta ce ke shigar da shi. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma takarda ba ta auna kowa, hannun mutum ke riƙe da alƙalami.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Daɗewa a biya ta da abin da ya dace da ita, watau ƙarin albashi, da fansho, da girmamawa, da neman shawara, in kuma mutum biyu sun yi daidai a ba wanda ya riga. Kujera kuwa amana ce ta jama'a, ba tukuicin haƙuri ba ce, a ba wanda zai fi iya ɗaukarta. Amma kada a tsallake kowa sai da dalili a rubuce, wanda za a iya karanta masa ido da ido, ya kuma sami inda zai kai kuka. Wanda aka ɗaga kuma ya tuna gaisuwar da ya ke yi wa dattijo jiya, yau ta ƙara zama wajibi a kansa.

Saura namu rabon, mu malaman gobe. Ma'aunin fari da kowane ma'aikaci ke gamuwa da shi a rayuwarsa ba a ofis ya ke ba, yana hannun malaminsa. Mu ne za mu duba takardun jarrabawa, mu naɗa shugaban aji, mu rubuta shaidar hali. In yaro ya ga ɗan mai gari ya zo na ɗaya ba da guminsa ba, ya koyi darasin da ba zai manta ba, watau cancanta sunan sanayya ne. Ran da ya girma zai riƙe layinsa da haƙori, ba wanda zai iya ba shi laifi. In kuwa ya ga mun mayar masa da takardarsa, mun nuna masa inda ya samu da inda ya rasa, mun kuma gyara lissafi sa'ad da ya nuna mana an ƙware shi, to, zai fita da imanin cewa ana iya auna mutum da gaskiya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada kuma mu manta da Trollope da takardarsa mai tawada. Yaron da ya kasa bana ba a rufe littafinsa, domin wani ba ya nuna kansa sai an canja masa fage.

Muna roƙon malamanmu, waɗanda suka riga mu ganin waɗannan al'amura, su gyara mana inda hangenmu ya gaza. Allah ya ba mu haƙuri ran da aka tsallake mu, ya ba mu tawali'u ran da aka ɗaga mu, ya kuma ba mu tsoronsa ran da mudu ya zo hannunmu. Amin.